Kwatancin Rolls-Royce Cullinan da Bentley Bentayga

Rolls-Royce Cullinan da Bentley Bentayga manyan motoci ne na ƙasaita, ƙirar ƙasar Birtaniya, daga rukunin motoci masu tsayi da ke jan tayoyi huɗu, waɗanda ake kira SUV a Turance, Hausawa kuma suka fi sanin su da jif. Bentayga ce ta fara fitowa a shekarar 2015, Cullinan ta biyo baya a shekarar 2018, kuma kowace ita ce jif ta farko da kamfaninta ya fitar kasuwa ga kowa da kowa. Ana yawan kwatanta su saboda kamfanonin biyu sun shafe kusan shekara 70 a ƙarƙashin mamallaki guda kafin su rabu. Babban bambancinsu ya samo asali ne daga ginshiƙin da aka ɗora kowace a kai: an gina Cullinan a kan ginshiƙin Rolls-Royce Phantom, inda aka fifita shiru da natsuwar fasinja, ita kuwa Bentayga an gina ta a kan ginshiƙin da take tarayya da wasu motocin rukunin Volkswagen, inda aka fifita gudu da jin daɗin mai tuƙi.

Tarihin kamfanonin

An kafa kamfanin Rolls-Royce a shekarar 1906, shekara biyu bayan haɗuwar Charles Rolls da Henry Royce a birnin Manchesta. Shi kuwa Bentley, W. O. Bentley ne ya kafa shi a shekarar 1919, kuma ya yi suna a gasar tseren awa 24 ta Le Mans a Faransa, wadda ya lashe a 1924, sannan sau huɗu a jere daga 1927 zuwa 1930. Duk da haka kamfanin ya faɗa matsalar kuɗi, Rolls-Royce ya saye shi a shekarar 1931. Daga shekarar 1946 aka riƙa ƙera motocin biyu a masana'anta ɗaya a garin Crewe, har ta kai a wasu shekarun bambancin da ke tsakanin Rolls-Royce da Bentley bai wuce tambari da siffar hancin mota ba.

A shekarar 1998 kamfanin Vickers, wanda ke riƙe da su a lokacin, ya sa su a kasuwa. Volkswagen ya sayi masana'antar Crewe da sunan Bentley a kan fam miliyan 430, amma izinin amfani da suna da tambarin Rolls-Royce yana hannun kamfanin Rolls-Royce mai ƙera injinan jiragen sama, wanda ya bai wa BMW a kan fam miliyan 40. Bayan sasantawa, BMW ya karɓi Rolls-Royce daga ranar 1 ga Janairun 2003, ya buɗe sabuwar masana'anta a Goodwood da ke kudancin Ingila, Bentley kuma ya ci gaba da zama a Crewe. Saboda haka motocin biyu na Birtaniya ne, amma masu kamfanonin Jamusawa ne.

Nasarar da Porsche Cayenne ta samu tun daga 2002 ta nuna cewa masu hannu da shuni suna son jif mai babban suna. Bentley ya nuna samfurin gwaji mai suna EXP 9 F a baje kolin motoci na Janeba a 2012. An soki siffarsa sosai, kamfanin ya sake zane, sannan ya bayyana Bentayga a baje kolin Frankfurt a watan Satumban 2015. Rolls-Royce ya bayyana Cullinan a watan Mayun 2018.

Asalin sunaye

An ɗauko sunan Cullinan daga dutsen daimon da aka tono a Afirka ta Kudu a shekarar 1905, mai nauyin karat 3,106, wanda shi ne daimon na ado mafi girma da aka taɓa samu. An ba Sarki Edward na VII kyautarsa a 1907, kuma manyan gutsattsarinsa suna jikin sandar sarauta da kambin masarautar Birtaniya. Sunan Bentayga kuwa yana da alaƙa da wani dutse mai suna Roque Bentayga a tsibirin Gran Canaria na ƙasar Sifaniya, da kuma kalmar taiga, wato dajin sanyi da ya mamaye arewacin duniya.

Ginshiƙi da girma

Cullinan tana kan ginshiƙin alminiyam da Rolls-Royce ya ƙirƙira don motocinsa kaɗai, wanda aka fara amfani da shi a Phantom ta takwas a shekarar 2017. Babu wata motar BMW da ke kan wannan ginshiƙi. Bentayga tana kan ginshiƙin MLB Evo na rukunin Volkswagen, wanda Audi Q7 da Q8, da Porsche Cayenne ta uku, da Lamborghini Urus, da Volkswagen Touareg duk suke kai. Wannan tarayya tana rage kuɗin bincike da ƙira, tana kuma ba Bentley damar ɗaukar injina da na'urorin da aka riga aka gwada, shi ya sa Bentayga ta fi sauƙin farashi kuma ta fi yawan nau'o'i. A ɗaya ɓangaren, masu sharhi sukan ce wasu maɓallai da na'urorin cikinta suna tuna wa mutum da Audi.

Cullinan ta fi girma. Tsawonta ya kai kimanin mita 5.34, tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 3.295 ce, nauyinta kuma kimanin kilo 2,660. Bentayga ta asali tana da tsawon kimanin mita 5.14 da tazarar tayoyi mita 2.995, nauyinta kuma ya gaza na Cullinan da kimanin kilo 200. A shekarar 2022 Bentley ya fitar da doguwar Bentayga mai suna EWB, wadda aka ƙara wa milimita 180 a tsakiya, duk don amfanin masu zama a baya. Wannan ya rage ratar da ke tsakanin motocin biyu, kuma ya cike gurbin babbar motar Mulsanne da aka daina ƙerawa a 2020.

A waje, Cullinan ta riƙe siffar da aka san Rolls-Royce da ita: miƙaƙƙen hanci mai sandunan ƙarfe a tsaye, da ɗan mutum-mutumin Spirit of Ecstasy a samansa, wanda ke nutsewa ciki idan an kulle mota. Ƙofofinta na baya ta gaba suke buɗewa, domin ƙyauren yana maƙale ne ta baya, kuma ana rufe su da maɓalli. Bentayga ta fi kwanciya da lanƙwasa, fitilunta zagayayyu ne, ƙofofinta kuma irin na sauran motoci.

Inji da gudu

Inji iri ɗaya Cullinan take da shi: mai silinda 12 a jeren V, lita 6.75, da turbo biyu. Yana ba da ƙarfin doki 571 bisa ma'aunin Turai, da ƙarfin juyi Nm 850, wanda ke samuwa tun injin yana juyi 1,600 a minti. Ma'anar wannan ita ce motar tana tashi ba tare da injin ya yi ƙara ba. Tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 5.2, kuma an taƙaita iyakar gudunta a kilomita 250. Nau'in Black Badge da ya fito a 2019 yana da ƙarfin doki 600 da Nm 900. A gaban direba babu agogon da ke nuna juyin inji kamar na sauran motoci, sai wanda ke nuna kashi nawa na ƙarfin injin ya rage ba a taɓa ba.

Bentayga ta fito da inji mai silinda 12 a jeren W, lita 6.0, mai ƙarfin doki 608 da Nm 900. Tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 4.1, iyakar gudunta kuma kilomita 301, abin da ya sa a lokacin fitowarta ta zama jif mafi gudu a kasuwa. Nau'in Speed na 2019 ya kai ƙarfin doki 635 da kilomita 306 a awa. A shekarar 2018 direba Rhys Millen ya hau hanyar tsaunin Pikes Peak a Amurka da Bentayga cikin minti 10 da daƙiƙa 49.9, ya kafa tarihi a rukunin jif na kasuwa.

Bayan wannan injin, an yi Bentayga mai dizal daga 2016, wadda ita ce Bentley ta farko mai shan dizal, amma ba ta daɗe a kasuwar Turai ba. A 2018 aka kawo mai fetur mai silinda 8, lita 4.0, da ƙarfin doki 550, sai kuma mai haɗa inji mai silinda 6 da batirin da ake caji, wadda ke iya tafiyar kimanin kilomita 40 da lantarki zalla. Motocin biyu duk suna amfani da giya mai canza kanta, mai hawa takwas, ƙirar kamfanin ZF na Jamus.

Tafiya a kan hanya

Dukansu suna tafiya a kan shokazoba masu aiki da iska, waɗanda ke ɗaga mota ko sauke ta, amma an saita su da manufa daban. A Cullinan akwai kyamara a gilashin gaba da ke duba hanya, ta shirya shokazoba kafin taya ta isa rami ko tudu. Giyarta tana amfani da bayanan tauraron ɗan'adam don zaɓar hawan da ya dace kafin kwana ko gangara. Sitiyarinta mara nauyi ne, tayoyin baya kuma suna ɗan juyawa don sauƙaƙa shan kwana. Idan za a shiga, motar tana sauka da milimita 40.

A Bentayga an sa wata na'ura mai aiki da lantarki na bolt 48, wadda ke hana jikin mota karkata idan an sha kwana da gudu. Wannan ya sa take nuna halin ƙaramar mota duk da nauyinta, ko da yake fasinja yakan ji yanayin hanya fiye da yadda zai ji a Cullinan.

Dukansu suna iya barin kwalta su shiga yashi, laka ko ƙanƙara. Cullinan, wadda ita ce Rolls-Royce ta farko mai jan tayoyi huɗu, tana da maɓalli guda na wannan aiki, kuma tana ratsa ruwa mai zurfin milimita 540. Bentayga tana da zaɓuɓɓuka daban-daban gwargwadon irin ƙasar da za a taka, tana kuma iya jan tirela mai nauyin kilo 3,500.

Cikin mota

A motocin biyu da hannu ake ɗinka fata da goge katako, kuma mai saye ne ke zaɓar launi da irin kayan. Sashen da ke wannan aiki a Rolls-Royce ana kiransa Bespoke, na Bentley kuma Mulliner. Cullinan tana zuwa da kujeru biyar ko huɗu. A mai kujeru huɗu akwai gilashi da ya raba wurin zama da but, domin kada zafi, sanyi ko ƙara su shigo idan an buɗe baya. Akwai lema a cikin ƙofa, ana iya sa rufin ciki mai ɗaruruwan ƙananan fitilu kamar taurari, da wasu kujeru biyu da ke fitowa daga but don zaman kallo. But ɗinta yana ɗaukar lita 560.

An yi Bentayga mai kujeru huɗu, biyar ko bakwai, wanda ya sa ta fi dacewa da iyali, sai dai but ɗinta bai kai lita 500 ba. A doguwar EWB ana iya zaɓar kujerun baya masu kwanciya har digiri 40, waɗanda ke auna ɗumin jikin fasinja su daidaita sanyi ko zafi da kansu.

Farashi da kasuwa

Lokacin da aka fara sayar da su a Amurka, farashin Bentayga mai silinda 12 ya fara daga kimanin dala 229,000, na Cullinan kuma daga kimanin dala 325,000. Nau'o'in Bentayga masu silinda 8 da masu batir sun fi wannan sauƙi. Da wuya mai saye ya tsaya a farashin farko, domin kayan ƙari sukan ɗaga kuɗin da dubban daloli masu yawa. Shan mai ma ba kaɗan ba ne: Cullinan tana shan kimanin lita 15 ko fiye a kowace kilomita 100.

Wasu masoyan kamfanonin sun yi adawa da shigarsu harkar jif, suna ganin hakan ya saɓa wa al'adarsu. Alƙaluman ciniki sun nuna dalilin da ya sa aka shiga. Rolls-Royce ya sayar da motoci 5,152 a shekarar 2019, shekarar farko da Cullinan ta cika a kasuwa, wato ƙarin kashi 25 cikin ɗari a kan shekarar da ta gabata. A 2022 ya sayar da 6,021, kuma Cullinan ce ta fi kowace fita. A wannan shekarar Bentley ya sayar da motoci 15,174, kashi 42 cikin ɗari Bentayga ne. Sauran motocin da ke gogayya da su sun haɗa da Lamborghini Urus, Aston Martin DBX, Mercedes-Maybach GLS da Ferrari Purosangue.

Sauye-sauye na baya-bayan nan

An sabunta siffar Bentayga a shekarar 2020, aka canza fitilun baya da allon na'urorin ciki. Cullinan ta samu nata sabuntawar a 2024 da sunan Series II. Dokokin rage hayaƙi a Turai da wasu ƙasashe suna matsa wa manyan injina lamba, kuma kamfanonin biyu sun bi hanyoyi daban. Bentley ya daina ƙera injinsa mai silinda 12 a shekarar 2024, don haka Bentayga ta koma kan mai silinda 8 da mai haɗin batir. Kamfanin ya kuma ɗage wa'adin komawarsa lantarki zalla daga 2030 zuwa 2035. Rolls-Royce ya fitar da motarsa ta lantarki ta farko, Spectre, a 2023, amma ya bar Cullinan da injinta mai silinda 12.