Abin da ya kamata ku sani game da gudun da ya zarce fanfalaki a tsakiyar birni

Gudun fanfalaki da aka saba gani, irin wanda ake yi a Legas duk shekara tun 2016, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Akwai kuma tseren da ya wuce nan: na kilomita 50, na kilomita 100, har da wanda ake ɗaukar kwanaki ana yi. Masu yinsa kan kira shi altra. Da yawa a daji ko hamada ko kan duwatsu ake shirya shi, amma wasu daga cikin mafiya wahala a tsakiyar gari ake yinsu, a kan kwalta da siminti, jama'a na ta harkokinsu.

A ina ake yin irin wannan tsere?

Iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ake ratsa gari daga wani wuri zuwa wani. A Cape Town ta Afirka ta Kudu ana tseren Two Oceans mai kilomita 56. A Faransa kuma akwai EcoTrail mai kilomita 80, wanda ke bi ta dazuzzuka da lambunan shaƙatawa na kewayen Paris, ya shigo gari, a ƙare da hawa matakalar hasumiyar Eiffel zuwa bene na farko.

Na biyu shi ne na zagaye. A keɓe 'yar gajeriyar hanya, a yi ta kewaya ta ana ƙirgawa. A irin wannan ne Aleksandr Sorokin, ɗan ƙasar Lithuania, ya ci kilomita 319 da ɗoriya cikin awa 24 a birnin Verona na Italiya a 2022.

Wanne ne ya fi kowanne tsawo?

Shi ne na unguwar Jamaica da ke Queens a birnin New York. Tsawonsa mil 3,100, wato kilomita 4,989, kuma kwana 52 ake ba mutum ya gama. Wani malamin addini da ya taso a Indiya mai suna Sri Chinmoy, wanda ya koma Amurka da zama a 1964, shi ya assasa shi. Tun 1997 ake yinsa a wannan tsawo, kuma almajiransa ne suka ci gaba da shiryawa bayan rasuwarsa a 2007.

Duk wannan tafiya a kewayen wata makarantar sakandare da filin wasan da ke jikinta ake yinta. Zagaye ɗaya mita 883 ne, sai mutum ya yi 5,649 kafin a ce ya gama. Ana buɗe fili da ƙarfe shida na safe, a rufe da sha biyun dare. Wanda ke son ya kammala a kan lokaci sai ya ci kusan kilomita 96 kullum, babu ranar hutu. Ba a rufe hanya saboda tseren: ɗalibai na wucewa, masu zuwa aiki na wucewa, motoci na ta gudu a babban titin da ke gefe. Canjin da masu tseren ke samu shi ne, in yau sun kewaya ta dama, gobe ta hagu za su bi.

Wani mai raba wasiƙu ɗan ƙasar Finland, Ashprihanal Aalto, ya gama shi cikin kwana 40 da awa 9 a 2015, abin da ke nufin sama da kilomita 120 a kowace rana. Wata Ba'amurkiya kuwa, Suprabha Beckjord, sau 13 a jere tana kammala shi, daga 1997 zuwa 2009.

Me ya sa ake zaɓar cikin gari?

Saboda sauƙin kula da masu gudu. A daji, mutum zai yi awanni bai ga ruwa ko mai taimako ba. A tseren zagaye, duk bayan 'yan mintoci zai sake wucewa ta gaban teburin abinci, da banɗaki, da masu ƙirga zagaye, da mai duba lafiya. Hanyar a shimfiɗe take, akwai fitilu da dare, kuma an auna ta daidai, don haka babu gardama a kan nisan da kowa ya ci.

To ina wahalar take?

Tana farawa daga tafin ƙafa. Siminti ba ya sassauta wa kowa. Duk takun da aka yi, gwiwa da ƙwauri da idon sawu ne ke ɗauka. Ƙafa na kumbura, bororo na fitowa, farce ya yi baƙi ya cire. Shi ya sa masu tseren New York ke sayen takalmin da ya fi ƙafarsu girma, wasu ma su sa wuƙa su yanke gabansa don yatsu su sha iska. Kafin a gama, mutum ɗaya kan cinye takalma da dama. Cinya da hammata kuma sai an riƙa shafa musu man basilin, in ba haka ba gogayya ta saɓule fata.

Sai ciki. Ƙarfin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya kai mutum ko ƙarshen fanfalaki ɗaya in ana gudu sosai, balle a wuni ana yi. Dole a ci abinci ana tafe, kaɗan-kaɗan: miya a ƙaramin kofi, ayaba, dankali, shinkafa. Wanda ya jira sai ya ji yunwa, ya makara.

Ruwa ma da ƙa'idarsa. Gumi na tafiya da gishirin jiki, kuma in aka yi ta ɗura ruwa zalla fiye da kima, gishirin jini na iya yin ƙasa har mutum ya ruɗe ko ya suma, wani lokaci ya kai ga rasa rai. Fitsari ya koma baƙi-baƙi kuwa alama ce ta tsoka na lalacewa, ƙoda na cikin haɗari. Nan take a dakata a nemi likita.

Mafi nauyi shi ne zuciya. Bango ɗaya, kwanar titi ɗaya, bishiyoyi ɗaya, sau ɗari da wani abu a yini, ga barcin da bai fi awa huɗu ko biyar ba. Gwanaye ba sa tunanin dubban kilomitar da suka rage. Tunaninsu bai wuce zagaye na gaba ba, ko hutun rana.

Mai sha'awa daga ina zai fara?

Daga ƙasa: kilomita 5, sannan 10, sannan rabin fanfalaki, sannan cikakke, kafin a yi maganar 50. Wannan aikin shekaru ne. A koyi haɗa gudu da tafiya, domin ko zakaru suna taka sannu a tsakiyar tsere. A gwada abinci da takalmi tun wajen atisaye. A guji tsakar rana lokacin zafi, a fuskanci motoci in ana gudu a gefen titi, a sa riga mai ɗaukar ido da dare. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. A wannan tsere sauri ba ya kai mutum ko'ina. Wanda ya iya tattalin ƙafarsa da cikinsa da barcinsa, shi ke kaiwa ƙarshe.