Ƙunar dutsen guga da butar shayi: komawa asibiti da lambobin da ke kan takardar likita

A gidajenmu ɗaki guda ne ake girki, ake guga, yara kuma suna rarrafe a tsakani, shi ya sa ƙunar dutsen guga, butar lantarki da murhun gas ba baƙuwa ba ce gare mu. Inda muke yawan samun matsala shi ne bayan an dawo daga asibiti.

Da farko, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20. A tuna cewa a lokacin zafin Jidda ruwan tankin saman gida yakan fito da zafi, sai a taɓa shi tukuna. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ƙwai ko gishiri. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Idan ƙunar ta yi yawa, ko ta shafi fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, a kira motar asibiti a 997. Mai neman shawarar likita ta waya ya kira 937.

Ƙuna takan canza kama a cikin kwana biyu zuwa uku na farko, wadda aka zata ta saman fata ce sai ta bayyana mai zurfi. Wannan ne dalilin da likita yake ba da ranar komawa. Yaron da ya dafa dutsen guga da tafin hannu, in ciwon ya wuce mako biyu bai rufe ba, tabon na iya janye yatsunsa su lanƙwashe, gyaransu kuma sai tiyata. Kada a fasa ƙurjin ruwa a gida. Wari, mugunya, zazzaɓi ko jan da yake bazuwa, duk alamun shigar ƙwayoyin cuta ne, ba a jira ranar da aka rubuta. Dattawa masu ciwon suga su ƙara kula, don ƙafarsu na iya ƙonewa ba su ji zafin ba.

Muna ganin wasu suna kwance bandeji saboda alwala. Malamanmu sun bayyana cewa shafa a kan ɗaurin ciwo ya wadatar, saboda haka a bar shi yadda ma'aikaciyar jinya ta ɗaura.

Sai maganar lambobi. Asibitocin Saudiyya suna rubuta cututtuka da tsarin ICD-10-AM, wanda Ostireliya ta gyara daga na Hukumar Lafiya ta Duniya. Lambar da ta fara da T tana faɗin inda aka ƙone: T20 kai da wuya, T23 hannu daga wuyansa zuwa yatsu, T25 ƙafa daga idon sawu zuwa ƙasa. Adadin da ke bayan ɗigo yana nuna zurfin ƙunar, T31 kuma faɗinta a jiki, inda tafin hannun majinyaci da yatsunsa yake kusan kashi 1 cikin 100. Lambar X ita ce sanadi: X15 kayan gida masu zafi, X10 shayi, abinci ko mai, X11 ruwan famfo mai zafi.

Da waɗannan lambobin asibiti yake neman kuɗinsa daga kamfanin inshora, har na wankin ciwo na gaba. In an rubuta ƙafa alhali hannu ne, ana iya samun jinkiri wajen amincewa da biya. A faɗa wa likita gaskiyar abin da ya ƙona yaro, kunya ba ta da amfani a nan. A karɓi rahoton kafin a bar asibitin, a sa wani mai karatu ya duba sunan majinyaci da lambar iƙama, a ɗauki hotonsa a waya, kuma a riƙa zuwa da shi duk ranar canza bandeji, ko da a ƙaramin asibitin unguwa ne.