Inji Ba Kishiyar Lebura Ba Ne

Akwai wata magana da ke yawo a bakin leburorin hatsi na cikin birnin Kano, daga Kasuwar Kurmi har Ƙofar Wambai, wai injuna masu aiki da kansu, watau mutum-mutumi, za su raba talaka da abincinsa. Tsoron ba na banza ba ne, amma kuwa ba sabo ba ne.

A shekarun 1950, zamanin dalar gyaɗa, a turmi mata ke ɓarar gyaɗa, ƙwaya ta yi ta karyewa. Sai injin ɓara na hannu ya bazu, gama Hukumar Ciniki ta ƙara wa gyaɗa marar karaya kuɗi. Matan da ke ɓara a biya su sun yi hasara, wannan ba a musu. Amma injin bai iya juya kansa ba, bai san ruɓaɓɓiyar ƙwaya ba. Wanda ya koyi aiki da shi ya sami sana'a, maƙera kuma suka sami gyara.

A ƙasar Holan tun 1992 mutum-mutumi ke tatsar shanu, amma har yau mutum ne ke duba saniyar da injin ya nuna hantsarta na ciwo.

To, in maigida ya kawo sabon inji, yaron da ya matso ya tambayi yadda ake tayar da shi, da inda yake cijewa, shi za a riƙe. Maigida kuma ya koya wa tsofaffin yaransa tukuna, kafin ya ɗauko baƙo daga Ikko.