Hayaƙi Ba Ciwo Ba Ne: Gaskiya da Ƙarya Kan Injin Motar Rimot Mai Shan Naitiro

Duk wanda ya saba da babur ko ƙaramin janareto, ranar da ya fara riƙe motar rimot mai shan naitiro zai ɗauka ya san kan abin. Ai ga fistin, ga kafireta, ga fulogi, ga salansa. Wannan sanin ne yake kashe injuna da yawa, domin rabin abin da bakanike ya sani a gareji ba ya aiki a nan.

A fara da man. Ana cewa wai "naitiro" shi ne iskar nan da ake danna wa mota a finafinan tsere ta tashi kamar kibiya. Ba shi ba ne. Waccan iska ce daban, wannan kuwa ruwa ne mai suna naitiromitan, kuma ba shi ne mafi yawa a cikin galan ba. Mafi yawan man mitanol ne, sai naitiromitan kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, sai man zurma ko na kamfani mai hana ƙarfe cin ƙarfe. Saboda haka masu cewa in mai ya ƙare a haɗa fetur da baƙin mai kamar na janareto, ɓatar da kai suke yi. Fulogin wannan inji ba ya tartsatsi. Wani siririn zare ne mai filatinam a cikinsa, ana ɗora masa batir mai ƙarfin bolt 1.5 ya yi ja, in inji ya tashi a cire batirin. Daga nan haɗuwar tururin mitanol da filatinam, da zafin ƙonewa, su ke riƙe shi yana ja. Fetur ba ya wannan aikin da zaren.

Babbar ƙaryar ita ce ta hayaƙi. A mota ta gaske, shuɗin hayaƙi alamar ringi ya mutu ne. A nan fistin ba shi ma da ringi, kuma babu wani kasko na baƙin mai a ƙasa. Duk maiƙon da ke sanyaya inji yana shigowa ne tare da man da yake sha. In ka ga siririn hayaƙi na bin motar idan ta taka, da ɗan maiƙo a bakin salansa, lafiya ce. Abin tsoro shi ne ranar da hayaƙin ya ɗauke.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum ya ɗauki sukudireba ya murɗa babbar allurar kafireta zuwa dama, ya rage mai. Sautin ya ƙara kaifi, motar ta ƙara gudu, rai ya yi fari. Ya ƙara murɗawa. Can sai ta fara shaƙewa a tsakiyar gudu, ta mutu, ka kusanto da hannu ka ji kan injin kamar tukunyar tuwo. Ka kwance fulogi ka tarar zaren ya lanƙwashe ko ya tsinke. Gudun da ya gani gaskiya ne, amma da ran injin ya saye shi, kuma inji ne mai juyawa fiye da sau 30,000 a minti. Kamfanin Traxxas na Amurka ya gargaɗi masu injunansa kada zafin ya wuce digiri 270 a ma'aunin Faranhait, wajen 132 ke nan a namu ma'aunin. In babu na'urar awo, a ɗiga ruwa a kan injin: ya ɗan yi daƙiƙu yana cuwwa kafin ya ƙafe, da sauƙi, ya tarwatse nan take, a ƙara mai. Allurar kuma ba a juya ta kamar famfo. Ka ɗauke ta a matsayin hannun agogo, ka matsa awa ɗaya, ka zagaya fili, ka saurara.

Akwai wadda take gaskiya amma ana ɗaukarta camfi: motar da ta yi lafiya jiya da rana tana iya ƙin aiki yau da asuba ba wanda ya taɓa ta. Iska mai sanyi ta fi nauyi, iskar shaƙa ta fi yawa a cikinta, don haka inji na bukatar ƙarin mai. Wanda ya saita motarsa a zafin bazara dole ya sake saiti da sanyin hunturu. Ƙurar hunturun ma ba abin wasa ba ce. Sosan tace iska in ba a wanke an shafa masa mai ba, ko ya faɗi a fili, yashi yana iya cinye silinda cikin ɗan lokaci.

Sabon inji da ya cije a sama fa? Wasu kan mayar wa mai shago wai jabu ne. Haka aka ƙera shi. Silindar tana ɗan tsukewa daga sama, sai ta yi zafi take buɗewa daidai fistin, kuma wannan matsin shi ne ƙarfin injin. A hura masa na'urar busar da gashi ya ɗumama, a bi tankunan farko a hankali (Traxxas tanki biyar take cewa), in an kashe a bar fistin a ƙasa. Amma akwai wata cijewar daban: in igiyar tayarwa ta yi tauri bayan an ja an ja, inji ya sha mai ne. Kada a sa ƙarfi, igiyar ko kwanrod zai tafi. A cire fulogi, a kifa motar, a rufe ramin da tsumma, a ja har man ya fita. A kawar da ido, mitanol guba ne, kuma wutarsa ba ta cika ganuwa da rana ba.

Ni kam ina ganin ana ɗora wa allura laifin da ba nata ba. Injin da silo ɗinsa ke hawa da sauka, saiti ya ƙi zama, yawanci iska yake zuƙa ta ɓarauniyar hanya: tiyo ya tsage, murfin tanki ba ya rufuwa, ko gindin kafireta ya saki. A duba har ɗan tiyon da ya taso daga salansa zuwa tanki, don shi ke tura mai gaba. Ƙaramar allura kuma tana da gwaji mai sauƙi: matse tiyon mai kusa da kafireta inji yana silo. Ya ɗan ɗaga murya ya mutu cikin daƙiƙa 3 ko 4, daidai ne. Ya mutu nan take, mai ya yi kaɗan. Ya daɗe yana ci, ya yi yawa.

Batun cewa mai ba ya lalacewa, shi ma ƙarya ne. Mitanol yana zuƙar ruwa daga iska, galan da aka bari a buɗe da damina sai a yi haƙuri da shi. Ragowar man da ya kwana cikin inji kuma shi ke sa boris tsatsa. In an tashi daga fili a juye tanki, a bar inji ya ƙone abin da ya rage, a ɗiga ɗan man ajiya ta kafireta da ramin fulogi, a ja igiya sau biyu ko uku kafin a mayar da fulogin.