Kwamfutar Ɗalibi a Haɗeja: Ina Garantin Kamfani Ya Tsaya?

Kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ɗalibai suka fi kira laftof, ta shiga sahun kayan karatun da ba a iya yi sai da su a manyan makarantun ƙasar Haɗeja. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke cikin gari, da takwaransa na Jami'ar Sule Lamido da aka kafa a Kafin Hausa a 2013, duk da ita suke rajista, su buga aikin gida, su rubuta kundin kammala karatu. Kuɗinta kuwa sau da yawa daga gonar shinkafa ko ta alkama yake fitowa, don haka ba kowane gida ne zai iya saye sau biyu ba.

Galibin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai na hannu ne, waɗanda 'yan kasuwa ke ce wa 'yan Landan ko da daga Amurka suka zo. Ofisoshin Turai da Amurka ne ke sallamarsu bayan sun yi shekaru suna aiki, su sauka a Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja zuwa titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano. Wannan ba aibu ba ne. HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad an ƙera su ne don aikin ofis na kullum, kuma sun fi sabuwar kwamfuta mai jikin roba da ake samu a kuɗi ɗaya ƙarko. Ga shi masu gyara sun san cikinsu, kayan gyaransu ba sa wahalar samu.

Abin da mai saye zai fara dubawa shi ne shekarun na'urar. Sunan firosesa, wato i5 ko i7, da dillali ke nanatawa bai isa hujja ba, domin kamfanin Intel ya fi shekara goma sha biyar yana fitar da su zubi-zubi. Lambar da ke biye da sunan ce ke tona asiri: i5-8250U ɗan zubi na takwas ne, wanda ya fito a 2017, i5-4300U kuma ɗan zubi na huɗu. Bambancin ya ƙara nauyi tun 14 ga Oktoba, 2025, ranar da Microsoft ya daina kula da Windows 10, alhali Windows 11 a ƙa'ida ba ya karɓar abin da ya gaza zubi na takwas. Bayan wannan, RAM kada ya gaza gigabait 8, ma'adanar bayanai kuma ta zama SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba, wanda jijjigar babur ma tana iya lahanta shi. Mai karatun zane-zanen injiniya zai buƙaci fiye da haka. Sauran ɗalibai wannan ya wadatar da su.

Sai batir, wanda a Haɗeja ya fi ƙarfin firosesa muhimmanci. Wutar KEDCO takan zo ta ɗauke, kuma kwamfutar da ba ta riƙe caji na awa uku ta ɗaure mai ita a shagon caji. Windows na iya fitar da rahoton lafiyar batir, inda ake ganin ƙarfinsa na asali da abin da ya rage, kuma mai saye na da ikon cewa a nuna masa kafin ya ƙirga kuɗi.

A kan garanti ne aka fi yaudarar kai. Garantin kamfani alkawari ne mai iyaka, yawanci na shekara ɗaya daga ranar da aka fara sayar da na'urar, kuma kuskuren ƙira kaɗai yake ɗauka. Kwamfutar da ta yi shekara biyar a wani ofishi a Ingila ta daɗe da cinye nata, ko da an sako ta a sabon kwali. Tabbatar da haka ba wuya: a ƙasan kowace akwai lambar siriyal, kuma HP da Dell da Lenovo suna da shafukan intanet da ake shigar da lambar su nuna ranar da garantin ya ƙare. Sabuwa fil ma tana da tarko, domin wasu kamfanonin kan ɗaure garantin da yankin da aka sayar da ita, ta yadda wadda aka shigo da ita daga Dubai ba ta hannun wakilin kamfani ba za ta iya rasa mai karɓarta a Nijeriya.

Ko garantin na raye, abubuwan da suka fi kashe kwamfuta a kwarin kogin Haɗeja su ne takardar garantin ta cire hannunta daga kansu. Wutar da ta dawo da ƙarfi ko janareta mai rawa ya ƙona allon ciki, ba ruwan kamfani. Ruwa ya shiga, kamar yadda ya shiga ɗakunan jama'a a ambaliyar 2020 da ta 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma, ba ruwansa. Faɗuwa daga jaka haka nan. Ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da zafin bazara da ke haura digiri 40 a Afrilu, sukan tsufar da batir da wuri, kamfani kuma kallon kayan da ke ƙarewa da amfani yake yi wa batir. Idan mai gyaran unguwa ya buɗe ta ya yi ɓarna, wannan ma ya fita daga alkawari. Wanda matsalarsa ta dace da sharuɗɗan kuwa, sai ya kai na'urar wurin wakilin kamfani a babban birni, Kano ce mafi kusa, tafiyar kusan kilomita 200, sannan ya jira, wataƙila a tsakiyar zangon karatu.

Saboda haka garantin da ya fi yi wa ɗalibi aiki shi ne na mai shago, duk da gajartarsa: mako ɗaya, mako biyu, wani lokacin wata. Amma «in ta ba da matsala ka dawo da ita» magana ce ta fatar baki. A rubuta kwanakin a kan rasit, tare da lambar siriyal da abin da za a yi in ta lalace, canji ne ko gyara ko mayar da kuɗi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibu, sai dai da wuya ƙorafi ya yi nisa babu rasit. A cikin waɗannan kwanaki ne ya kamata a wahalar da kwamfutar: a gwada kowane maɓalli da kowace kafa, da kyamara da lasifika, a bar ta tana aiki da tsakar rana a ga ko za ta yi zafi ta mutu.

Bayan wa'adin ya wuce, kariyar ta koma hannun mai ita. Caja ta asali da na'urar daidaita wuta sun fi sabon allon ciki araha nesa ba kusa ba. Ba a ɗora ta kan katifa, don ƙofofin iskarta a ƙasa suke. A sa mai gyara ya share fanka bayan hunturu, da damina kuma a naɗe ta a leda cikin jaka. Kundin kammala karatu a riƙa kwafe shi a filashi ko a imel duk mako, domin sharuɗɗan kamfanonin sun fayyace cewa bayanan da suka salwanta ba sa cikin abin da suke biya.