Mai Jiniya da Mai Kalangu

Ranar 22 ga Fabrairu, 2018, mutanen Dapchi suka yi wa ayarin gwamnan Yobe na lokacin, Ibrahim Gaidam, ruwan duwatsu. Kwana uku kafin nan 'yan Boko Haram sun kwashe ɗalibai 110 daga makarantar kimiyya da fasaha ta 'yan mata da ke garin. Gwamnati ta ba da sanarwar cewa sojoji sun ceto wasu, iyaye suka kwana da murna, sai ga gwamna ya zo ya ce ba a ga ko ɗaya ba. Daga baya aka ba da haƙuri. Abin da kowace uwa a Dapchi ta sani, cewa 'yarta ba ta dawo ba, bai isa Damaturu daidai ba, alhali titi ɗaya ne ya haɗa garuruwan biyu.

A gefe guda kuma ga Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shekarar da aka dawo mulkin farar hula. Har gobe muryarsa na tashi a tashar motar Gashua da teburin mai shayi a Nguru, a yankin da Badawa da Barebari da Fulani suka cakuɗu da Hausawa. Samarin da ke bin amshinsa da yawansu ba a haife su ba lokacin da ya bar duniya. Ka ce su lissafo ministocin waccan shekarar, ka ji shiru.

Wasu za su ce ai mawaƙi ɗan talakawa ne, ɗan siyasa kuwa maci amana. Ban yarda da wannan ba. Mawaƙanmu ba waliyyai ba ne. Narambaɗa da Ɗankwairo a fada suka ci abinci, Shata ma ya wasa masu kuɗi iya wasawa. Bambancin yana ga wanda ke yanke wa kowannensu hukunci, da yawan lokutan da ake yanke shi.

Mawaƙi kullum a gaban alƙali yake. In ya tsaya a gidan biki waƙa ba ta shiga ba, liƙi zai tsaya, mata su koma hirarsu, a nan take ya san ya faɗi. Yau ma da waya ta maye gurbin kaset, yaron da ke tura waƙoƙi a shagon caji ya san wadda ake nema da wadda ta kwanta. Dole mawaƙi ya kasa kunne: wace magana ce ke yawo a bakin 'yan acaɓa, me ke ƙona ran matan aure, wane habaici ne zai sa a yi shewa. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa a kan wannan ya rayu har 2015, yana waƙar ɗan adaidaita sahun zamaninsa, wato karen mota da lebura.

Ɗan siyasa kuwa sau ɗaya a shekara huɗu yake zuwa gaban jama'a, kuma kafin ya iso an riga an tace. Daliget ne suka saba ba da tikiti, in an yi gardama kotu ta raba. Yobe ta Arewa ta ga wannan ƙuru-ƙuru. Ahmad Lawan, ɗan Gashua, yana Majalisar Tarayya tun 1999, har ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023. A 2022 ya tafi neman takarar shugaban ƙasa, Bashir Machina ya ci zaɓen fitar da gwani na kujerar sanata, amma ranar 6 ga Fabrairu, 2023, Kotun Ƙoli, da alƙalai uku a kan biyu, ta tabbatar wa Lawan tikitin APC. Ya kuma ci zaɓe, magoya bayansa suna da ayyukan da za su nuna. Sai dai duk mai neman kujera ya ɗauki darasi: maganar da ta fi nauyi a Abuja aka yi ta, ba a kasuwar Jakusko ba.

A yi wa mai jiniya, wato ɗan siyasa, adalci, kayansa sun fi nauyi. Babu mai tare mawaƙi ya ce ya kawo maganin ciwon ƙodar da ya addabi Gashua, ko ya share kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. Ɗan majalisa kuwa in ya kwana a gida, da asuba zaure ya cika da takardun asibiti da na kuɗin makaranta. Sai ya fara zuwa da dare, ya sa masu gadi, ya canza lamba, har ya zama 'yan "ranka ya daɗe, komai lafiya" kaɗai ke isa gare shi.

Kuma wannan cutar ta nisanta da jama'a ba ta san sana'a ba. Dauda Kahutu Rarara ya tashe a 2015 saboda ya rera abin da ke zuciyar masu zaɓen Buhari. Da abincinsa ya koma hannun 'yan siyasa, a Maris 2023 matasa suka kai wa kadarorinsa hari a Kano bayan zaɓen gwamna, kamar yadda ake yi wa ɗan takara. Malam Aminu Kano kuwa, da ya zauna a gidansa na Gwammaja cikin talakawa har rasuwarsa a 1983, jam'iyyu na ta rububin sunansa har yau. Shi kansa Shata ya taɓa ɗanɗana kujera, ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtua, bakinsa bai bari ya daɗe a kai ba.