Akim Aliu: Yaron Okene da ya ƙi tuɓe kaya a bayan bas

Yau zan kai ku wani wasa da na san yawancinmu ba mu taɓa zama mun kalle shi daga farko har ƙarshe ba, wato hokin ƙanƙara, wanda wasu ke ce wa ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Na san wani zai ce, malam, mu da zafin Afrilu ke gasawa, ina ruwanmu da ƙanƙara? Ku ɗan yi haƙuri. Mutumin da zan ba ku labarinsa a Okene aka haife shi, nan jihar Kogi, ranar 24 ga Afrilu, 1989. Sunansa Akim Aliu. Wasa bakwai kacal ya buga a babbar gasar hoki ta duniya, amma ya yi sanadin saukar kocin wata babbar ƙungiya daga kujerarsa.

Bari in fara da wasan kansa, don kada in bar kowa a baya. Fili ne na daskararriyar ƙanƙara da aka kewaye da katanga da gilashi. Kowane ɓangare mutum shida ne har da gola. Takalminsu na da ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, da shi suke sulɓi, kowa da sandarsa mai lanƙwasa yana kora wani ɗan baƙin faifan roba mai tauri zuwa raga. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Bangaza halal ce a dokar wasan, kuma a Arewacin Amurka har dambe akan bari a ɗan taɓa kafin alƙali ya raba, a kori kowa na minti biyar. Babbar gasar ita ce NHL, ƙungiyoyi 32, bakwai a Kanada, sauran a Amurka. A ƙarƙashinta akwai AHL, a ƙarƙashin wannan kuma ECHL. Ku riƙe waɗannan matakai uku, domin rayuwar Akim duk hawa da sauka ce a tsakaninsu.

Mahaifinsa ɗan Najeriya ne da ya je karatu Kiyef, mahaifiyarsa kuma 'yar Yukren. Tun yana ƙarami sosai suka koma Kiyef, can ya yi wayo, da Rashanci ya buɗe baki. Yana shekara bakwai iyalin suka yi ƙaura zuwa Toronto. Ku kwatanta: yaro baƙi, ba ya jin Turanci, iyayensa masu digiri amma suna aikin ƙarfi don a samu na haya. Kuma hoki wasan masu hali ne. Takalmi, hular kwano, sulken kafaɗa, safar hannu, sanda da ke karyewa a sake saye, ga kuɗin hayar fili, ga tafiye-tafiye. Yaran Kanada tun suna shekara uku ko huɗu ake ɗora su a kan ƙanƙara. Shi kam a makare ya fara, da takalmin gwanjo. Duk da haka cikin 'yan shekaru ya cim ma sa'o'insa ya wuce da yawansu, har ya buga wa Toronto Marlboros tare da John Tavares da Sam Gagner, waɗanda daga baya kowannensu ya buga wasa sama da dubu a NHL.

To a nan ne tsarin nasu ya sha bamban da abin da muka saba gani a ƙwallon ƙafa. A Kanada, yaron da ya yi fice yana kai shekara 16 sai wata ƙungiyar matasa ta zaɓe shi, ya bar gidansu, a sauke shi a gidan wasu mutane a wani gari, yana makaranta yana wasa. Ba shi ke zaɓar inda zai je ba. Kocinsa ne ubansa, shi ne alƙalinsa, kuma abin da kocin ya faɗa wa masu farautar 'yan wasa na NHL a kansa na iya gina shi ko ya rushe shi. A 2005, Windsor Spitfires ta gasar matasan Ontariyo ta ɗauki Akim a zagayen farko.

Akwai wata al'ada da aka daɗe ana yi wa sababbin shiga. In ana dawowa daga wasa a bas, sai a sa su tuɓe tsirara, a cusa su gaba ɗaya cikin ɗan ƙaramin ban-ɗakin da ke bayan motar, a rufe, a ƙure na'urar ɗumama. Manya na dariya. Kowa an yi masa, shi ma in ya zama babba zai yi wa na baya. Akim ya ce ba zai yi ba.

Bayan haka, a wajen atisaye, wani babban ɗan wasan ƙungiyar mai suna Steve Downie, wanda Philadelphia Flyers ta riga ta zaɓa a zagayen farko a wannan shekarar, ya maka masa sanda a baki. Akim da kansa ya ce haƙora bakwai ya rasa. Ya shiga ciki, ya dawo, suka dambace, kuma kyamara ta ɗauka. Hoton ya zagaya Kanada. Hukumar gasar ta ci ƙungiyar tarar dala 35,000, ta dakatar da koci Moe Mantha wasa 40. An dakatar da Downie wasa biyar, shi ma Akim an ba shi wasa ɗaya. Daga baya aka sauya wa dukansu biyun ƙungiya, Akim ya koma Sudbury.

A takarda, an yi adalci. Amma ku saurari abin da ya biyo baya, don shi ne ya sa na ɗauko labarin nan. Downie ya ci gaba da harkarsa, ya wakilci Kanada a gasar matasa ta duniya, ya buga wasa sama da 400 a NHL. Shi kuwa wanda aka fasa wa baki, sai wani suna ya manne masa: yaro mai taurin kai, mai wuyar sha'ani, wanda ya tona asirin ɗakin sauya kaya. A duniyar hoki wannan ɗakin kamar ɗakin sirri ne, abin da ya faru a ciki ba ya fita. Wanda ya jawo aka gani, shi ne mai laifi.

Wallahi duk wanda ya yi makarantar kwana a cikinmu ya san wannan lissafin. Ni na yi. Ina aji ɗaya wani siniya ya sa mu tsallen kwaɗo tsakar dare har wani yaro a ɗakinmu ya kasa tashi washegari. Yaron ya kai ƙara. An yi wa siniyan bulala a gaban asambuli, magana ta mutu a wajen malamai. Amma yaron nan har muka gama makaranta sunansa ɗan rahoto, ba mai cin abinci da shi. Ni ma ban zauna da shi ba, kuma ina ɗaki ɗaya da shi lokacin da abin ya faru. Ban faɗi wannan don in ce Windsor da makarantarmu ɗaya ba ne. Na faɗa ne don kada mu saurari labarin kamar na wasu mutane can masu baƙin hali.

Mu koma. Kowace shekara ƙungiyoyin NHL na zama su zaɓi matasa 'yan shekara 18 ɗaya bayan ɗaya, zagaye bakwai. Lambar da aka kira ka da ita na da nauyi ƙwarai, domin wanda aka ɗauka a zagayen farko ƙungiya ta zuba mutuncinta a kansa, za ta yi ta ba shi dama ko ya yi tuntuɓe. A 2007 masana da dama na ganin Akim na da ƙarfi da gudun ɗan zagayen farko. Sai da aka kai lamba 56, a zagaye na biyu, sannan Chicago Blackhawks ta kira sunansa.

Chicago ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta ta AHL, Rockford IceHogs. A kakar 2009 zuwa 2010, yana shekara 20, wata safiya yana kunna waƙa a ɗakin sauya kaya, sai koci Bill Peters ya shigo ya zagi waƙar da kalmar nan mafi muni da ake jifan baƙar fata da ita a Amurka, ya maimaita ta ba sau ɗaya ba, a gaban kowa. Ba zan faɗe ta a nan ba, kun san ta. Akim ya ce Peters bai ba shi haƙuri ba, dangantakarsu ta lalace, kuma ba a daɗe ba aka saukar da shi mataki na uku, Toledo ta ECHL. A takardarsa kuma an ƙara layi ɗaya: ba ya jituwa da koci. Dalilin rashin jituwar ba ya cikin takardar.

Daga nan sai yawo. A 2010 aka haɗa shi cikin cinikin da ya kai Dustin Byfuglien Atlanta. A 2011, yana Colorado Eagles, aka gayyace shi bikin Halowin na ƙungiya, ya isa ya tarar da mai kula da kayan wasa ya shafa baƙin fenti a fuska, ya sa gashin roba, ya saka riga mai lambar Akim da laƙabinsa, Dreamer, wato mai mafarki. Har hoto aka sa ya tsaya suka ɗauka.

A farkon 2012 Calgary Flames ta karɓe shi, kuma a watan Afrilu, daf da rufe kaka, ya taka ƙanƙarar NHL. Wasansa na farko da Vancouver ya ba da ƙwallo aka ci. Na biyu da Anaheim ya ci biyu da kansa. Ga wani abin da ya burge ni: kyaftin ɗin Calgary a lokacin Jarome Iginla ne, wanda shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne, Bayarabe. Iginla ya ci ƙwallo 625 a NHL, yana cikin zauren gwarazan wasan. Wato akwai daren da jinin Najeriya biyu suka sa riga ɗaya a babbar gasar hoki ta duniya, mu nan ba mu ma da labari.

Kaka ta gaba Akim ya ƙara wasa biyar, shi ke nan. Bakwai, ƙwallo biyu, taimako ɗaya. Sauran shekarunsa ya yi su tsakanin ƙananan gasannin Amurka da Suwidin da Rasha da Sulobakiya da Jamhuriyar Cek, yau nan gobe can, kwantiragin 'yan watanni.

A nan zan yi gaskiya da ku. Ba zan ce da ba a yi masa haka ba da ya zama tauraro ba. 'Yan zagaye na biyu da yawa ba sa zama a NHL ko da ba wanda ya taɓa zaginsu, kuma Akim kansa ba ya cewa shi mala'ika ne, yana da zuciya. Abin da nake cewa shi ne, shekarun da ake gwada ɗan wasa a gane iyakarsa, daga 16 zuwa 22, shi ya yi su ne ɗauke da hukuncin da aka yanke masa kan abin da ba hoki ba. Don haka ba wanda ya ga iyakar tasa, har shi kansa.

Shekara kusan goma bai fito fili da maganar Rockford ba. Me ya sa? Ai yana neman aiki, kuma mutanen da zai faɗa wa abokan wanda zai kai ƙara ne. A Nuwamba 2019 Toronto ta sallami kocinta Mike Babcock, sai labarai suka fara fitowa kan yadda yake wulaƙanta 'yan wasa. Peters yaron Babcock ne a harkar koci, kuma a lokacin shi ne babban kocin Calgary, ƙungiyar da Akim ya buga wa. Ranar 25 ga Nuwamba Akim ya rubuta 'yan layuka a Twitter. Bai ma kama suna ba, amma kowa ya gane.

Abin da ya sa maganar ta tsaya da ƙafarta, kuma ina so masu fafutuka irina su lura, shi ne shaidu. Tsofaffin abokan wasansa biyu na Rockford, Simon Pepin da Peter MacArthur, suka tabbatar wa tashar TSN cewa suna ɗakin, kuma haka aka yi. Wani ɗan wasa, Michal Jordan, ya fito ya ce Peters ya taɓa harbinsa da ƙafa a benci lokacin suna Carolina. Peters ya rubuta wasiƙar ban-haƙuri zuwa ga manajan Calgary, ya amsa cewa ya yi mummunan furuci, amma ko sunan Akim babu a ciki. Ranar 29 ga Nuwamba ya ajiye aiki. Cikin kwana huɗu.

Kada ku yi saurin tafi. Watanni biyar bayan haka Peters ya samu aikin koci a Rasha, a babbar gasar KHL, kuma a 2023 wata ƙungiyar matasa a Kanada, Lethbridge Hurricanes, ta miƙa masa yara 'yan shekara 16 zuwa 20.

NHL na da wani take da take tallatawa, wai hoki na kowa da kowa ne. A Mayu 2020 Akim ya wallafa dogon rubutu a shafin The Players' Tribune, ya juya taken, ya ce ba na kowa ba ne. Kwana shida bayan haka aka kashe George Floyd a Minneapolis. A watan Yuni shi da Evander Kane suka jagoranci kafa Hockey Diversity Alliance tare da wasu 'yan wasa irin su Wayne Simmonds da Matt Dumba da Nazem Kadri. Kadrin nan, af, Musulmi ne ɗan asalin Labanan, shi ne ya ci kofin Stanley da Colorado a 2022 ya ɗauke shi ya kai masallacin garinsu. Ƙungiyar ta nemi NHL ta sa hannu kan alƙawura masu adadi da wa'adi, game da ɗaukar ma'aikata da tallafa wa yaran unguwannin marasa hali. Zuwa Oktoba 2020 suka sanar cewa sun raba gari da hukumar, domin a ganinsu talla take so, ba ta shirya ɗaure kanta da komai ba. Tun daga nan suke shirya nasu horon kyauta ga yara a Toronto, da kayan wasa, don kuɗin takalmi kada ya hana wani farawa.

A 2023 labarin rayuwarsa ya fito a littafin zane na yara mai suna Dreamer, laƙabin nan da aka rubuta a rigar Halowin. Sai kuma a 2024, yana shekara 34, bayan ya daɗe bai buga wasa ba, San Jose ta ba shi gwaji a ƙungiyarta ta AHL, ya sake ɗaura takalmi ya buga 'yan wasanni a ƙarshen kaka.

Ga waɗanda suka yi makarantar kwana, ku rubuto mini a ƙasa abin da ya faru da wanda ya kai ƙara a ɗakinku, kuma kada ku kama sunan makaranta ko na mutum. Zan karanto wasu a shiri na gaba in sha Allahu. Sai mun haɗu.